Ɗan Yayata Ya Ɗora Hannu a Kan Jirgin da Ban Ma Saya Ba

Zuwa ga Gwaggo Heilala,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kwana goma sha biyu kawai aka ba ni. Ban taɓa zaton zan rubuto wa wannan fili ba. Shekara da shekaru nake karanta shi ina taɓe baki, ina cewa na zawarawa ne da samarin da aka yaudara. Yau ga ni, da shekara sittin da takwas a duniya, na shiga layi. Kada ki buga sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na sauya su.

Ni mutumin Ha'apai ne. Na bar tsibirinmu ina da shekara ashirin da biyu, gwamnati ta ɗauki nauyina in zo Ostareliya in koyi tuƙin manyan jiragen ruwa. Tun daga firamare har na gama sakandare a Nuku'alofa, babban birninmu, ban taɓa zuwa na biyu ba. Ranar tafiyata duk ƙauye ya sauko bakin gadar da jirage ke tsayawa. An gasa aladu biyu, limamin coci ya yi addu'a har tsofaffi suka nemi wurin zama, yayata Sulieti ta aiko mini ta hannun mahaifiyarmu da tabarmar ɗaurawa a ƙugu wadda ta yi wata bakwai tana saƙawa. Ni kuma, da bakin yarinta, na tsaya a kan jirgin da ke kwasar busasshiyar kwakwa, na ɗaga murya na ce ba za su sake ganina ba sai a kan jirgina, ni ke tuƙi. Aka yi ta tafi da guɗa.

Shekara biyu na yi a makarantar jirage ban faɗi takarda ko ɗaya ba. Sai ranar duba lafiya, kafin a tura mu teku. Wani likita ya shigar da ni ɗaki mai duhu, ya kunna 'yan ƙananan fitilu daga nesa, ya ce in faɗi launinsu. Minti huɗu aka yi. Ya ce idona ba ya bambanta ja da kore, kuma mai irin wannan ido ba a ba shi jirgi, tunda da fitila ja da kore ake gane inda wani jirgi ya dosa. Ya ce, “Ka yi haƙuri, saurayi, ai tun a gida ya kamata su gwada ka.” Sannan ya kira na bayana.

Ban gaya wa kowa ba. Na rubuta gida cewa takardar shaida ce ta yi jinkiri, da shekara ta zagayo na sake rubuta haka, daga baya na daina ambatar maganar, su ma suka daina tambaya. Na yi saran rake. Na gwada tsinkar tumatir, kwana uku aka sallame ni, kin san dalili. Daga nan na yi shekara talatin a wata masana'antar sukari ina kallon allurar injin tana hawa tana sauka, ni da nake iya gano inda jirgi yake a tsakiyar teku da rana da agogo da fensir kawai. Waɗanda suka riƙa kwafar lissafina a aji, yau wasu da sunansu ake kiran tituna. Mahaifina ya rasu, na aika abin da ya kamata, ban je ba. Mahaifiyata ma haka. Matata ta rasu shekara shida ke nan, Allah bai ba mu haihuwa ba. A wurin shan kava na ranar Asabar, wato abin shanmu na gargajiya, Kyaftin suke kirana. In na shigo sai wani ya ce, “A ba Kyaftin wuri, ya sha gwagwarmaya da igiyar ruwa daga tashar bas zuwa nan.” Ina dariya tare da su. Me zan yi?

To, watan jiya na ga jirgin. Yana ɗaure a kogin Burnett, mai filafilai ne, tsawonsa mita tara, an ƙera shi shekara arba'in da suka wuce. Mai shi wani tsohon Bature ne, Garrity, gwiwoyinsa sun gaza, ba ya iya hawa da sauka. Dala dubu goma sha huɗu ya ce. Irinsa a ko'ina sai dubu talatin. Abin da nake da shi a duniya ya kai dubu goma sha huɗun, har da ɗan ragi na igiyoyi da abinci. Filafilai biyu lafiyarsu lau, na uku ɓera ya yi masa aiki. Injin yana tashi a bugu na uku. Na bi jikinsa da ƙotar guduma ina ƙwanƙwasawa, mafi yawansa yana amsawa da kyau. Ba zan ɓoye miki ba, a gindin doguwar sandar da ke riƙe filafilai akwai inda yake lotsawa in an taka, kamar burodi. Kuma notukan da ke riƙe da dalmar ƙasan jirgi, wadda ke hana shi kifewa, suna zubar da tsatsa. Garrity ya ce duk tsohon jirgi yana hawayen tsatsa. Na ce a ɗaga shi daga ruwa in ga cikinsa. Ya ce, “A wannan farashin, abokina, abin da ka gani shi ka saya.”

Ni ba baƙon ruwa ba ne. Na sha fita gaɓar nan a ƙananan jiragen abokan aiki. Taswirorina suna nan, na'urata ta auna rana tana nan a akwatinta, ba shekarar da ban goge ta ba. Na tsara hanya: daga nan zuwa Numeya, daga can Fiji, sannan gida. Kusan mil dubu biyu. Muna cikin Agusta, dole in tashi kafin Nuwamba, kafin lokacin guguwa.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Semisi. Ɗan Sulieti ne, shekararsa arba'in da ɗaya, magini ne a Brisbane. Motarsa nake so ta kwaso mini kaya. Ba sai na koya miki al'adarmu ba: ɗan 'yar'uwa mace in ya shiga wurin kawunsa, abin da ya ɗora wa hannu ya zama nasa, kawu ba shi da bakin magana. Shekara ashirin Semisi yana ƙasar nan, duk Kirsimeti yana zuwa gidana, ko cokali bai taɓa ɗauka ba. A wurin kava sauran tsofaffi suna ta ƙorafin da rabinsa alfahari ne. Wannan ya ce ɗan ƙanwarsa ya kwashe masa talabijin, wancan ya ce nasa ya tuɓe masa kwat a ƙofar coci. Ni sai in sunkuyar da kai in kalli ƙoƙona. Na gane ai. Kawun da ba shi da abin ɗauka, shi ne ni.

Ranar da ya zo, ya hau jirgin. Jirgi a ɗaure, a kogi, ruwa kwance kamar faranti, amma kafin minti biyar fuskarsa ta yi fari, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana haɗiyar yawu. Sai ya saki hannu ɗaya, ya kifa tafinsa a kan rufin ɗakin jirgin, a gaban Garrity, ya ce, “Kawu, wannan ya yi mini. Ranar da ka biya, ka kira ni in zo in karɓi makulli.” Na ɗauka wasa ne. Na ce, “Kai da ko a bahon wanka amai kake yi, me za ka yi da shi?” Ya ce, “Kaji zan zuba a ciki, Kawu. Ina ruwanka da kayana?” Bai yi dariya ba. Da za mu rabu ya leƙo ta tagar mota ya ce, “Af, Mama tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka, wai har yanzu ɗanyen barkono kake tsinkowa?”

Wannan ta fi ɗora hannun yi mini ciwo. Muna yara, in mahaifiyarmu ta aike ni bayan gida in tsinko nunannen barkono, sai in dawo da shi a gauraye, nunanne da ɗanye. Sulieti takan tare ni a bayan madafa, ta karɓi kwandon, ta zauna ta tsince ba ta ce mini uffan ba, sannan ta miƙo mini in kai. Yau shekara sittin da wani abu, abin da ta ga dama ta aiko mini ke nan: har yanzu ni ne sakaran da ba a aika.

Ban san ko ya kamata in faɗi wannan ba, amma tunda na fara. Sulieti tana da shekara saba'in da shida. Ciwon suga ya cinye mata idon hagu, na dama kuma ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannu. Likitan da ke zagaya tsibiran ya ce wataƙila shi ma ba zai kai bikin Ista ba. Ba ta taɓa cewa in zo ba. In mun yi waya, gaisuwa ce, ya coci, ya ruwan sama, sai ta miƙa wa wani. Kin san yadda yaya mace da ƙaninta suke. Ba ta roƙona, ni kuma ba na buɗe mata cikina.

Garrity ya ga abin da ya faru, na yi masa bayani, ya yi dariya har da tari. Sai ya kawo dabara: in biya shi, amma takardu su zauna da sunansa har in bar ƙasar. Abin da ba nawa ba ne, Semisi ba shi da ikon ɗauka. Ya ce akwai wani daga garin Mackay da zai zo da kuɗi a hannu Asabar ta sama, in yanke shawara kafin nan.

Abin da nake tambaya, Gwaggo: in na yi haka, na ci amana ne? Ni ba ni da haƙƙin abu ɗaya tak a rayuwata? Al'adar nan da ba ta tsaya mini a ɗakin likita ba, ba ta tsaya mini a gonar rake ba, sai yau da na ga abin da nake so ta tuna da ni? Ba zan sauka daga jirgin sama da akwati ɗaya kamar ɗan ƙwadagon da aka koro ba. Na faɗi magana a gaban mutane. Ko in cika ta, ko teku ta rufe ni, kuma ban ga wanda zai yi asara ba.

Kyaftin na Tudu,
Bundaberg

*

Ɗan'uwana Kyaftin,

Na karanta wasiƙarka sau uku. Ka sauya sunaye, amma kai ma ka san duk mai shan kava a Bundaberg zai gane ka kafin ya kai rabi. Ina jin ka gaji da ɗaukar kayan nan kai kaɗai ne, kuma ban ga laifinka ba.

Bari mu fara da jirgin, shi ya fi sauƙi. Na kai wa wani masani da ya tsufa a gyaran jirage bayaninka, ban faɗi daga wa ba. Ya ce lotsawa a gindin sandar filafilai alama ce ruwa ya shiga ya ruɓar da abin da ke ciki, kuma nan ne duk ƙarfin iska ke sauka. Tsatsar notukan kuwa, tana iya zama ta sama-sama, tana iya zama ta cinye su, ba mai sani sai an ɗaga jirgin. Mai kaya da ya ƙi a duba kayansa ya riga ya gaya maka wani abu. Koma ka ce masa za ka biya kuɗin ɗagawa da na mai duba jirage daga aljihunka. In Garrity ya sake ƙi, ka yi masa sallama. Ka kuma tuna cewa kuɗin sayen tsohon jirgi somin-taɓi ne: wayoyin da ke riƙe sanda, kwale-kwalen ceto, rediyon neman agaji, duk suna jiranka, kai kuma ragin igiya da abinci kawai ka ambata. Hanyar da ka tsara, kai da ka fi ni sanin taswira ka san gaba da gaba za ka yi da iska kusan duk tafiyar. Wata biyu ba su isa a shirya jirgi mai shekara arba'in don wannan ba. Idonka bai hana ka jin daɗin ruwa ba, akwai masu irinsa da ke tuƙi da abokin tafiya. Amma kai kaɗai, makonni, a hanyar manyan jirage, a'a.

Dabarar barin takardu da sunan Garrity kuwa, ka watsar. Jirgin da zai fita ƙasar waje sai da rajista, kuma a kowace tasha kwastan za su tambayi mai shi. Ka biya duk abin da ka mallaka, sannan ka zama baƙo a cikin jirgin wani tsoho da ka sani wata ɗaya. Ko ba maganar amana, wannan wauta ce, kuma kai ba wawa ba ne.

Yanzu Semisi. Bai kyauta ba da ya yi maka haka a gaban bare, har ka zama abin dariyar Garrity. Ba don a kunyata kawu aka yi al'adar nan ba, kuma in ya karanta wannan, ya je ya ba ka haƙuri. Kana da haƙƙin son abu, ƙwarai kuwa. Abin da aka yi maka a minti huɗu ba ƙarami ba ne, kuma ba laifinka ba ne.

Amma ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka. Mutumin da ke tashin zuciya a jirgin da ke ɗaure ba jirgi yake so ba. Shekara ashirin yana shiga gidanka bai ɗauki cokali ba, ka ce raini ne. Ni na san 'ya'yan 'yan'uwa mata, ba sa barin cokali don raini, sai in an ja musu kunne daga gida. Wadda ta ce masa kada ya taɓa kayan kawunsa, ita ce yanzu ta ce masa ya je ya ɗora hannu. Shi kaɗai ne ƙarfin da ya rage mata a kanka daga nisan mil dubu biyu, ta adana shi shekara ashirin, sai yau ta yi amfani da shi.

Maganar barkono kuma ba zagi ba ce. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ke tare ƙaninta a bayan madafa kullum, ta tsince masa kwando ba ta kai ƙara ba, ba sakarai ta ɗauke shi ba. Ta lura da abin da iyayenku da malamanku ba su lura da shi ba. Sulieti ta riga likitan da ya gwada ka sani da shekara goma sha takwas. Da ka rubuto cewa takarda ta yi jinkiri, ina tsammanin ta gane, shi ya sa aka daina tambayarka. Yaya mace ba za ta iya ce wa ƙaninta, na san abin da ke damun idonka, kada ka shiga teku. Bakinta ba zai iya ba. Sai ta aiko da barkono. Sirrin da ka hana kanka gida saboda shi shekara arba'in da huɗu, a bayan madafarku aka fara rufa maka shi.

Ka ce ka faɗi magana a gaban mutane. Ka zauna ka lissafa waɗanda suka tsaya a gadar nan ranar, nawa ne suke raye. Limamin ya tafi, iyayenka sun tafi, masu guɗa sun tafi. Wadda ta rage, ko ka shigo da jirgi mafi kyau a duniya, filafilai a buɗe, ba za ta gan shi daga bakin teku ba. Sai dai a ba ta labari. Abin da idonta zai iya gani yanzu shi ne fuska, in ta matso, kuma shi ma zuwa Ista ne in an yi sa'a. Ka ce ba ka ga wanda zai yi asara ba. Ni na gan ta.

Ga shawarata. Ka sayi tikitin jirgin sama a makon nan, kada ka jira Kirsimeti. Akwati ɗaya ya isa, in dai tabarmar tana ciki. In Garrity ya yarda an duba jirgin kuma ya tsallake, ka saya da sunanka, ka kira Semisi ka damƙa masa makulli kamar yadda kawu na ƙwarai ke yi, sannan ka je wurin kava ka yi ƙorafinka da babbar murya, don babu wanda aka taɓa ɗauke wa jirgi sukutum a cikinsu. Na tabbata mai kajin zai ara maka shi. Ka gyara a hankali, ka nemi abokin tafiya mai lafiyar ido, in guguwa ta wuce baɗi a sake duba maganar teku. In kuma mutumin Mackay ya riga ka, ya riga ka. Kogunan Queensland cike suke da tsofaffin jirage masu jiran mai saye, wani zai samu.

In ka isa gida, ka ɗaura tabarmarka, ka shiga da sallama, ka zauna can nesa inda ƙani ke zama. Ba sai ka yi bayanin komai ba. Daga nan ba za ta gan ka ba, saboda haka za ta ce ka matso. Yayarka ce, ba a yi mata musu. Ka matso.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare mata hasken da ya rage har ka iso.

Taka,
Gwaggo Heilala